Wa Ke Hawan Wani? Aljanun Gargajiya a Hannun Marubuta

Gabatarwa

A zangon karatun da ya gabata na ba ɗalibaina aikin rubuta gajeren labari wanda zai ƙunshi wani abu daga cikin camfe-camfen garinsu. Daga cikin labaran da suka zo hannuna akwai guda wanda ya daɗe yana yi mini yawo a zuci, ba don ya fi sauran kyau ba, sai don abin da ya tona. Tauraron labarin ɗalibi ne da jarrabawa ta sha wa kai. Sai ya tafi Matsirga da almuru, ya tsaya gindin ruwan da ke kwararowa daga kan dutse, ya kunna kyandir uku, ya kira sunan wata aljana sau uku. Aljana ta fito fara sol, da gashi har gadon baya, ta karanta masa amsoshin jarrabawa, ya yi godiya, ya hau babur ya koma Kafanchan. Shi ke nan. Ba ta nemi komai a wurinsa ba, ba ta kafa masa sharaɗi ba, ko zazzaɓin kwana ɗaya bai yi ba. Da na tambayi marubucin inda ya samo irin wannan aljana mai sauƙin kai, sai ya ce, "Ai Malam, haka ake yi a littattafai."

Gaskiya ya faɗa, haka ake yi a wasu littattafai. Manufar wannan maƙala ita ce a duba ɗaya daga cikin irin waɗannan littattafai, wato na mabiya tafarkin Wika a ƙasashen Turai da Amurka, a ga abin da suka yi wa aljanun gargajiyarsu, sa'an nan a dawo gida a ga ko mu ma ba mu kama wannan hanya ba. Ba hukuncin addini nake nufin yankewa ba. Musulunci da Kiristanci duk sun riga sun bayyana matsayinsu game da tsafi, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar magana a kai. Nawa aikin na tarken adabi ne kawai.

Mutanen ɓoye na Turawa

Turawan Ailan da Sikotilan da Ingila suna da wasu halittu da suke kira fairy, waɗanda idan za a kwatanta su da wani abu namu, to aljanu ne ko iskoki. Hoton da yaranmu suka sani a majigin zane, na 'yar mitsitsiyar yarinya mai fukafukai kamar malam-buɗe-littafi, sabon abu ne. Manomin Ailan na da bai san wannan ba. Shi abin da ya sani wasu maƙwabta ne da ba a gani, masu zama cikin tsofaffin tuddai da gindin wasu itatuwa, masu sace jarirai su ajiye nasu a madadi, masu ƙafar da nonon saniya, masu shanye wa mutum ɓarin jiki. Saboda tsoro ba ya ma ambaton sunansu, sai ya ce "mutanen kirki", kamar dai yadda Bahaushe ke kauce wa suna ya ce "mutanen ɓoye". Wanda duk ake yi wa irin wannan sakaya suna, ba abokin wasa ba ne.

Misalai biyu sun isa su nuna nauyin abin. A watan Maris na 1895, a yankin Tipperary na ƙasar Ailan, wani mutum mai suna Michael Cleary ya ƙone matarsa Bridget, 'yar shekara 26, bayan ta yi jinya, bisa imanin cewa matarsa ta gaskiya aljanu sun ɗauke, wadda ke kwance musanye ce. Kotu ta ɗaure shi shekara 20. Bayan fiye da ƙarni guda, a 1999, wani mai ba da labaran gargajiya, Eddie Lenihan, ya tayar da ƙura a yankin Clare a kan wata bishiya da aikin babbar hanya zai ci, yana cewa matattarar aljanu ce, kuma a ƙarshe aka yi hanyar aka bar bishiyar a tsaye. Duk wanda ya taɓa ganin yadda masu faskare ke kewaye wata tsohuwar tsamiya ko kuka a ƙauyukanmu ba zai ga baƙon abu a nan ba.

To, yaya aka yi waɗannan abin tsoro suka zama 'yan aike? Hanyar ta biyo ta hannun manazarta. A 1921 Margaret Murray ta fitar da The Witch-Cult in Western Europe, inda ta yi da'awar cewa mutanen da aka yi ta kashewa a Turai da sunan maita mabiya wani tsohon addini ne da ya girmi Kiristanci, kuma aljanun tatsuniya ba kowa ba ne illa ragowar wasu gajerun mutane na zamanin da, masu hulɗa da waɗannan mabiya. Bayan an soke dokar hana maita a Ingila a 1951, sai Gerald Gardner ya fito da Witchcraft Today a 1954, ya ɗora gininsa a kan harsashin Murray, ya ce addinin nan bai mutu ba, shi ma an shigar da shi. Daga nan Wika ta samo asali. Masana tarihi, irin su Norman Cohn a 1975 da Ronald Hutton a 1999, sun rushe da'awar Murray, sun nuna cewa Wika sabon addini ne na ƙarni na 20. Amma ra'ayin cewa aljani tsohon abokin aikin mai tsafi ne ya riga ya shiga kasuwa, kuma abin da ya shiga kasuwa hujjar malami ba ta fitar da shi.

Littafin da ya fi nuna inda abin ya kai shi ne A Witch's Guide to Faery Folk na Edain McCoy, wanda kamfanin Llewellyn na Amurka ya buga a 1994. Tun daga bango littafin ya ɗauki aljanu a matsayin mataimakan da ba a gani, waɗanda ya kamata a sabunta hulɗar aiki da su. Babban kasonsa ƙamus ne na aljanu 230 daga sassan duniya daban-daban. Kowane an ba shi gurbinsa bisa tsari guda: ƙasar da ya fito, kamanninsa da halinsa, lokacin da ya fi fitowa, inda ake samunsa, yadda ake kiransa, da irin taimakon da zai yi wa mai tsafi. A yi wa marubuciyar adalci, takan gargaɗi mai karatu cewa wasu daga cikinsu a guje su. Amma zubin littafin ya fi gargaɗinsa ƙarfi. Da zarar an jera halittu 230 cikin rumbu ɗaya, kowanne da takardar aikinsa a goshi, to mai karatu ya zama mai ciniki, su kuma sun zama haja. Aljanin da ya sa aka ƙone Bridget Cleary yana da tudunsa, yana da mutanen da ke tsoronsa, kuma kwanon madarar da ake ajiye masa da dare haraji ne, ba kyauta ba. Na cikin ƙamus ba shi da ƙasa, ba shi da bashi a kan kowa.

Daga Jama'a zuwa Landan

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Kafanchan da wannan? Ruwanta yana da yawa, domin irin hannun da ya tsince aljanun Ailan daga tuddansu ya taɓa biyowa ta nan. A. J. N. Tremearne, haifaffen Ostireliya, ya yi aikin mulkin mallaka a Jama'ar Daroro, tsohuwar hedikwatar masarautar Jama'a kafin fada ta koma Kafanchan. A nan ya tattara yawancin tatsuniyoyin Hausa da ya fara bugawa a 1910 da 1911 a mujallar Folk-Lore ta ƙungiyar nazarin adabin gargajiya da ke Landan. Wannan ƙungiya ita ce Gardner ya shiga daga baya, kuma ita ce Margaret Murray ta shugabanta daga 1953 zuwa 1955. Shi kansa Gardner tsohon ma'aikacin mulkin mallaka ne a Malaya, inda ya yi ta tara wuƙaƙe da labaran tsafin mutanen can kafin ya yi ritaya a 1936. Ba ina cewa wani ya kwafi wani ba ne. Abin da nake cewa shi ne rijiya ɗaya suka sha, rijiyar da ke ganin imanin talaka abin tsinta ne, a wanke, a jera, a liƙa masa suna.

Tremearne ya bar mana littattafai uku da suka shafe mu. Na farko, The Tailed Head-Hunters of Nigeria na 1912, a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu ne, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna da wane ido ya dube su. Na biyu, Hausa Superstitions and Customs na 1913, yana ɗauke da tatsuniyoyi 100. Na uku, The Ban of the Bori na 1914, ya rubuta shi ne bayan bincike tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus, waɗanda yawancinsu bauta ta kai su ko ta kai iyayensu. Ya mutu a fagen yaƙin Loos a 1915. A littafin nan na uku ya kasa iskokin bori rukuni-rukuni, kowane da sunansa, da cutar da yake sawa, da dabbar da ake yanka masa, da yadda wanda ya hau ke yi. A ajiye wannan jeri kusa da ƙamus ɗin McCoy, za a ga ɗan'uwantaka. Bambancin kawai, Tremearne ya jera ne don Bature ya san abin da yake mulka, ita kuwa ta jera don mai karatu ya san abin da zai aika.

Ba zan yi butulci ba. Ba don shi da irin su Frank Edgar da R. S. Rattray ba, da tatsuniyoyi da yawa sun bi tsofaffin da suka san su zuwa kushewa. Amma jeri yana da abin da ba ya iya ɗauka, kuma abin nan shi ne ran bori.

A bori, mutum ba ya zaɓen iska kamar mai zaɓen atamfa. Iska ke zaɓensa, kuma yawanci da ciwo take sallama: hauka, ko shanyewar ƙafa, ko ɓari a kai a kai. Girka kuwa ba makarantar koyon sarrafa iskoki ba ce, sulhu ne tsakanin majinyaci da abin da ya kama shi, kuma sulhun yana da kuɗi, yana da yanka, yana da abubuwan da mutum zai bari har ya mutu. Kalmomin da 'yan bori ke amfani da su sun faɗi komai. Namiji doki ne, mace goɗiya, iska kuwa ita ke hawa. Idan mai garaya ko mai goge ya kaɗa taken Ɗan Galadima, dokinsa zai tashi da taƙama da ɓarnar dukiya irin ta ɗan sarki. Idan na Malam Alhaji ne, sai a ga tsoho mai tari da ƙobobo yana jan carbi. Sarkin Rafi ya zo da haukansa, Kuturu ya zo da dungunsa yana korar ƙuda. Kowannensu yana da uwa da uba da mata da abokin gaba a birnin Jangare, kamar yadda Fremont Besmer ya nuna a littafinsa na 1983, domin Jangare hoton Ƙasar Hausa ce da saraututta da gidajenta. Inna kuwa har ta bar sunanta a bakin wanda bai taɓa zuwa wajen bori ba, tun da har yau likita da ma'aikacin riga-kafi shan-inna suke cewa.

A nan bambancin yake. A gargajiya, ta Hausa ko ta Ailan, aljani ke hawan mutum. A littafin sihiri na zamani, mutum ke hawan aljani. An juya sirdi, kuma da aka juya shi sai labari ya mutu, domin labari ba ya rayuwa sai da abin da za a rasa.

Aljanin zobe da iskar tsamiya

Kada mu ɗora wa Turawa laifin duka. Ƙagaggun labaran Hausa tun daga gasar 1933 sun cika da aljanu, amma mu tambayi kanmu, waɗanne? Aljanun da Ganɗoki na Bello Kagara ke gwabzawa da su a ƙasashe masu nisa, da waɗanda suka taimaki Alhaji Imam ya kai ga ruwan Bagaja a littafin Abubakar Imam, ba daga tsamiyar bayan gari suka fito ba. Jininsu na Dare Dubu da Ɗaya ne, 'yan'uwan aljanin zobe da na fitila, wanda ake murzawa ya ce a ba shi umurni. Ba abin mamaki ba ne, marubutan farko malamai ne da suka tashi cikin littattafan Larabci, kuma bori a wurinsu abin kunya ne da ba a sa shi a littafin makaranta. Aro kuma ba laifi ba ne. Magana Jari Ce aro ne daga gabas da yamma, amma Imam ya jiƙa abin da ya aro har ya zama namu. Abin da ya biyo baya ne abin dubawa: marubutan baya sun gaji aljanin zobe ba tare da basirar Imam ba, sai ya zama musu mafita duk lokacin da zaren labari ya sarƙe. Jarumi ya shiga kurkuku, aljani ya fasa bango. Budurwa ta ƙi, aljani ya juyo da zuciyarta. Da ɗalibina ya ce haka ake yi a littattafai, ba McCoy yake nufi ba, bai taɓa jin sunanta ba. Littattafan kasuwa da finafinan gida yake nufi. Hanyoyi biyu ne da suka taso daga wurare dabam suka haɗu a mararraba guda.

Abin takaici, tatsuniyar da ake raina wa wayo ta fi su sanin ka'ida. A tatsuniya ba a karɓar komai a hannun Dodo ko a hannun tsohuwar bakin rafi kyauta. Yarinyar da ta cuɗa wa tsohuwa baya ta samu arziki, 'yar kishiya da ta yi ƙyama ta samu kutare da makafi. Wanda Dodo ya ba ruwa a shekarar fari, 'yarsa zai bayar. Akwai sharaɗi, akwai ranar biya, kuma mai sauraro yana zaune ne yana jiran ranar.

Akwai wani ɓangare na wannan magana da ya fi shafar mu a Kudancin Kaduna, kuma shi ne ya fi damuna. Da yawa daga cikin masu rubutu a wannan mujalla Bajju ne, ko Atyap, ko Agworok, ko Ham, ko Fantswam, ko Kaninkon, Hausa kuwa harshen kasuwa da makaranta da wurin ibada ce gare su. Idan suka zo rubuta abin da kakanninsu suka sani, Hausa ta miƙo musu kalmomi biyu, aljani da dodo, su kuwa su karɓa. Amma Abwoi na Atyap, wanda Bajju ke kira Abvoi, wanda Bahaushe ya yi wa laƙabi da Dodo, ba dodon tatsuniya ba ne mai cin yara. A da, muryar kakanni ce da ke fitowa daga ɗakin tsafi, sirri ne na mazan da aka shigar, mata na dafa abinci da giya amma ba a yarda su gani ba, kuma da ita ake tsawata wa mai laifi a gari. Duk wanda ya so ya rubuta labari a kan wannan, yana da abin rubutawa har ya gaji: matar da ta gane muryar mijinta a cikin muryar kakanni amma ba ta da bakin faɗa, yaron da aka shigar ya gano sirrin a daren da aka ce zai mutu ya tashi, tsohon da ya karɓi sabon addini ya rasa abin da zai yi da abin da ya sani. Idan aka kira duk wannan "dodo" aka wuce, to mun yi wa Abwoi abin da ƙamus ɗin Amurka ya yi wa mutanen tuddan Ailan, kuma da harshenmu muka yi, ba da na Bature ba. Ni da nake cin abinci da koyar da Hausa ba na jin daɗin faɗin haka, amma harshe babba yana da haɗiya, kuma Hausa babban harshe ne a wannan yanki.

Maganin ba wai a daina rubutu da Hausa ba ne. A bar wa abu sunansa na asali cikin jimlar Hausa, kamar yadda muka bar wa Jangare da girka nasu, mai karatu zai koya. Sa'an nan marubuci ya amsa wa kansa tambayoyin da kowace kaka za ta iya amsawa ba tare da tunani ba. Wannan iska a ina take zaune, wane dutse, wane rafi? Me ta hana? Wa ya taɓa karya hanin, me ya same shi? Wa ke da ikon yi mata magana, wa ba shi da shi? Ba lallai marubuci ya gaskata da ita ba. Lallai ne dai mutanen cikin labarinsa su gaskata, kuma mai karatu ya ji nauyin abin a wuyansu.

Na mayar wa ɗalibina labarinsa da waɗannan tambayoyi a bayan takarda. Ya tafi hutu, ya zauna da wata gwaggonsa a ƙauye, ya dawo da sabon zubi. A wannan karon babu kyandir, babu farar aljana mai gashi. Akwai wata mata da ke hana ɗanta zuwa bakin ruwa da tsakar rana saboda alkawarin da uwarta ta ɗauka tun ba a haife shi ba, ba a kuwa cika ba. Yaron ya ci jarrabawarsa da ƙoƙarin kansa tun a shafi na biyu, sauran shafuka bakwai ɗin a kan akuyar da ba a yanka ba ne, da kuma wanda zai biya. Har yanzu ƙarshen labarin yana rawa, kuma na gaya masa ya rage yawan "kwatsam" da ya cika shi da su. Amma na karanta shi da dare a ofis bayan an ɗauke wuta, da fitilar waya, kuma da na kai inda uwar ta ji ana kiran sunan ɗanta daga wajen ruwa, sai da na tashi na tura ƙofa.